Kawu Ya Tafi Ba Hula

Na Allah ne mu, kuma wurinsa aka mai da Kawu, yayan mahaifiyata, wata Laraba da hantsi a gidansa na Dogarawa. Ya tafi da shekarunsa cikakku, da haƙoransa kusan duka, da bakinsa yadda aka san shi. Abu guda ne bai tafi da shi ba: hula. Shekara uku kansa na waje, rana ta gasa, ruwa ya wanke, ƙudaje suka yi kasuwa, kuma ni ne sanadi. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, ko da yake in gaskiya za a faɗa, waɗanda ya taɓa ko an ba su lada ba za su manta ba.

Jama'a ta taru. Daga Ƙonni aka zo, daga Malbaza, daga Illela, har daga Badagishiri wata taksi ta sauke tsofaffi goma sha huɗu da rago ɗaya da ba a san mai shi ba. Tunda nake zuwa zaman makoki ban taɓa ganin wanda masu gaisuwa suka fi kallon bango a kan kallon masu rashi ba sai wannan. Mutum zai shigo zaure, ya durƙusa, ya ce "Allah shi jiƙai," idonsa kuwa na can sama yana bin ƙusoshi. Domin bangon zauren Kawu ƙusoshi ne jere, kowace ƙusa da hular wani. In ni ka tambaya zan ce maka ɗari uku ne. In ka tambayi bangon, arba'in da ƴan kai.

Kafin a ɗauki gawa liman ya juyo ya ce, "Jama'a, mi kunka sani ga halin mamaci?"

Aka yi shiru. Shirun ya yi tsawon da akuyar maƙwabta ta haihu, ɗan ya tashi ya yi ƙaho. Can wani tsohon jandarma ya yi gyaran murya ya ce, "Ya iya dara."

"Ban da ita fa?" in ji liman.

"Ba shi wasa da salla," wani ya taimaka.

"Ba shi ƙarya," in ji wani. Daga baya aka ji wata murya ƙasa-ƙasa: "Ai gara da ya riƙa yi."

Muna dawowa daga maƙabarta, ƙurar kabari ba ta bar ƙafafunmu ba, wani tsohon mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya matso kusa da taubashina, babban ɗan Kawu, wanda ke jan taksi tsakanin Ƙonni da Illela. Ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Allah shi ba da haƙuri, ɗana. Waccan ja ta ƙusa ta uku daga ƙohwa, in an zo rabon gado, tawa ce."

Taubashina ya ce, "Mushe, ko sanyi bai yi ba."

"Na sani. Shi ya sa nic ce in an zo."

To bari in faɗa wa wanda bai sani ba yadda hulunan suka hau bango.

Kawu ma'aikacin gidan waya ne a Ƙonni har ya aje aiki. Yana saurayi wani Anasara injiniya da ke zaune Malbaza ya koya masa darar su, wadda suke kira eshek: allo mai gida sittin da huɗu, kowane ɓangare da sarki, da sarauniya, da dawaki biyu, da wawaye biyu, da soraye biyu, da dakaru takwas a gaba. Anasaran kaɗaici ya dame shi, yana neman wanda zai riƙa ci da yamma. Damina ɗaya Kawu ya yi yana shan kashi. Da kaka ta yi ya juya. Malfar Anasaran ita ce ta farko a bango, kuma har yau tana nan, gara ta cinye rabinta.

Daga nan ya kafa doka. Duk wanda ya zauna gaban allonsa ya faɗi, zai tuɓe hularsa a rataye, ya koma gida ta tsakiyar gari da kai a buɗe. In yana son abarsa ya dawo ya ci. Ku da kuka san ƙasarmu kun san abin da wannan yake nufi: dattijo ya fi yarda a gan shi ba takalmi. Amma namiji da girman kai, sai suka riƙa zuwa. Kawu ba ya cewa komai yayin wasa sai taunar goro. In ya ƙure sarkinka ba zai faɗi kalmar da Anasara ke rufe wasa da ita ba. Zai tofar da tuƙar goron gefe, ya dube ka kamar yana tausayinka, ya ce, "Tuɓe."

Akwai alherinsa, kada a ce na ɓoye. Shekarar da hatsi ya ƙi, maza suka watse zuwa kurmi da bakin teku, Kawu ya kafa tebur a ƙofar gida yana rubuta wa mata takarda zuwa ga mazajensu, bai taɓa karɓar ko goro ba. Sai dai in mace ta gama faɗin gaisuwarta mai daɗi, shi kan ƙara layi ɗaya na kansa a ƙasa: "Kai shashasha, ɗiyanka na cin ganye. Aiko da hatsi ko in rubuta wa ubanka." An ce takardunsa sun fi na kowa kawo amsa. Shi ne kuma ya koya mini buga keken rubutu, da sandar dogon yaro a hannu, yana dukan duk yatsan da ya kuskure. Da wannan sana'a nake ci har yau, kuma ɗan yatsana na hagu har yau in hadari ya taso yana tuna shi.

Amma abin da ya yi wa Baba ban yafe ba, ko kuma na yafe a makare.

Ranar sunan ɗana na fari ne. Baba manomin gero ne, darar ƙasa ya sani, ta ramuka da tsinke. Ya sa farar hularsa da ya zo da ita daga Makka, wadda ba ta fita sai da dalili. Kawu ya zo da allonsa a hammata kamar mai zuwa da tabarmar salla. Bayan an ci an sha ya ce gaban mutane, "Mijin ƙanwata, an ce kai gwani ne ga tsinke. Ko kana tsoron icce mai kan doki?" Jama'a suka yi dariya. Baba mutum ne mai kunya, kunyar ce ta zaunar da shi. Ko shayin farko ba a sauke ba aka ji "Tuɓe."

Kakan jariri, ranar suna, a gidansa, ya raka baƙi bakin hanya da kai a buɗe.

Inna ta bi yayanta har Dogarawa tana kuka. Ya ce mata, "Shi zo shi ci." Baba kuwa ya riƙa zuwa. Shekara bakwai, duk ranar Juma'a bayan an sauko, yana tafiya da hular da ya saya a kasuwa, a cinye shi, ya dawo. Kawu ba ya karɓar hula biyu wurin mutum ɗaya, ya ce bangonsa ba kanti ba ne. Da Baba ya rasu, Kawu ya zo gaisuwa, ya yi addu'a mai tsawo har ya sa mutane kuka. Inna ta ce, "Yaya, hular nan dai, ka ba ɗansa." Ya shafa fatiha ya ce, "Gado ne? To, magaji shi zo shi ci."

Ni kuwa a eshek ko jaki ya fi ni, domin jaki aƙalla ya san hanyar gida.

A wannan lokaci ina sakatare a buro, wato ofis, na wani poroje, shirin gyaran ƙasa da dashen itace a Illela. Nan aka kawo mana kwamfuta ta farko, mu muna ce mata ordinatar. Akwati ne mai nauyin buhun gero, da gilashi mai koren rubutu, in aka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo kafin ta farka. Wani Anasara da ya gama aikinsa ya bar mini disket guda, wato ɗan faifan da ake zura mata, ya ce akwai eshek a ciki. Na gwada, ta cinye ni kafin in gyara zama. Zuciyata ta yi fari. Na ce yau Allah ya kawo mini mai rama wa marayu.

Ranar kasuwar Illela na sa taubashina ya ɗauko Kawu. Ya shigo buro, ya zagaya injin sau biyu kamar mai sayen saniya, ya ce, "Wanga ne? Ina hannunsa?" Na ce ni ne hannunsa: shi zai yi takinsa a allonsa na icce, in buga wa injin, in ya amsa in matsa masa. Muka ba injin minti ɗaya kowane taki.

Ya yi masa yankan rago. Da farko ya ɗan lallaɓa yana jin ƙarfinsa. Sai ya tura doki wani gida inda kowa ke ganin za a ci shi a banza. Injin ya yi minti guda yana gurnani, ya hadiye dokin. Taki shida bayan nan sarkinsa na kwance. Aka sake, ya sake ba shi doki, ya sake hadiyewa. Sau huɗu.

"Kura ce," in ji Kawu. "Ta ga nama, ba ta ga rami ba." Ya dubi gilashin ya ce, "Tuɓe." Da yake inji ba shi da hula, sai ya ɗauke rigar leda da muke rufe shi da ita saboda ƙura, ya naɗe ya sa a aljihu. Ita ma tana bango. Sannan ya ce a ba shi disket ɗin, ya ci shi da yaƙi, bawansa ne. Na faki idonsa na kwafi wani na aje. Ya kai nasa wurin baduku aka ɗinka masa kube na jar fata kamar laya. Duk wanda ya zo zaure sai ya ciro ya nuna: "Ga hankalin Anasara duka, ga aljihuna."

Na sha dariya wurin mutane har na rame. Ni da nake cika kujera biyu a taksi, a wannan shekara kujera ɗaya da rabi nake biya.

Amma zaman buro ya sa na lura da wani abu. Can ƙuryar gilashi, in injin na tunani, akwai wata ƴar lamba da ke hawa: ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai minti ya cika ya taka. Na yi ta kallo har na gane. Injin ba wayo gare shi ba, naci gare shi. Duk takin da za a iya yi yana da ƴaƴa wajen talatin, wato amsoshin da abokin wasa zai iya bayarwa. Kowane ɗa na da nasa talatin. Jikoki, tattaɓa-kunne, zuriya ce da ta fi ta fara. Aikin injin shi ne ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa, kafin lokacinsa ya ƙare. Namu yana isa taki na huɗu sai a ce masa lokaci ya yi. Duk abin da ke bayan nan duhu ne a wurinsa. Ramin Kawu kuwa a taki na shida yake haƙa shi. Ba hankali injin ya rasa ba. Ƙafa ya rasa.

Bayan ƴan shekaru aka kawo sabuwar ordinatar, aka tura tsohuwar ɗakin ajiya. Ta fi ƙanƙanta, ta fi shiru. Na zura mata kwafin da na ɓoye, wasan nan dai, ko harafi ba a canza ba. Na ba ta minti ɗaya. Lambar ta wuce huɗu kamar taksi ta wuce fasinjan da ba shi da kaya. Biyar. Shida. Ta taɓa bakwai.

Na jawo tsohuwar daga ɗakin ajiya na jera su, na haɗa su wasa, ina kai taki daga wannan zuwa waccan. Faifai ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Sabuwar ta yi wa tsohuwar abin da shaho ke yi wa ɗan tsako, har na ji kunya na rufe taga.

Wallahi ban yaudari Kawu ba, wannan ina so a rubuta mini. Na je Dogarawa na durƙusa na ce, "Kawu, an kawo sabon inji. Ya fi wancan sauri nesa ba kusa ba. Yana hangen abin da wancan bai hange ba."

Ya ce, "Mi za a zura mishi?"

"Wanda ke aljihunka."

Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. "Kai ɗan ƙanwata, boko ya ɓata ka. Wanga da ke aljihuna na san ubansa, na san kakansa. Bawana ne shekara huɗu. Don an sake mishi ɗaki sai shi sake hali? Ɗan kura ko a gidan sarki anka haife shi, kura ne."

Haka Kawu yake auna kowa. In aka ce masa wane ya zama likita, sai ya ce ai kakansa kuturu ne. Mutum a wurinsa asalinsa ne, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Zauren cike yake da mutane a ranar, na ce a hankali, "To in ya ci ka fa?"

Ya ɗaga yatsa sama. "Na rantse da wanda raina ke hannunsa, in abin nan na aljihuna yac ci ni, ba ni ƙara aza hula bisa kaina sai ranar da na ci shi."

Labari ya riga mu isa Illela. Ranar kasuwa, diraktanmu ya tafi Tahoua, buro ya cika har tagogi. Duk mai hula a bangon Kawu da ke da sauran numfashi ya zo, har da wanda aka ɗauko a amalanke. Kawu ya ciro disket daga kubensa da kansa, ya tofa masa bisimilla, ya miƙo mini.

Wasa ya yi nisa, sai ya tura dokin nan. Ya jingina, ya ɓare goro, ya kashe wa jama'a ido. Minti ya cika. Injin bai taɓa dokin ba. Ya matsa wani ɗan dakare can gefe, taki ɗaya, kamar mai share ƙofar gida.

Kawu ya daina tauna.

"Ka buga daidai?"

"Daidai, Kawu."

Ya bar dokin a wurin, ya ƙara masa wawa. Injin ya ƙi wawan ma. Daga nan abin ya zama kamar rushewar rumbu: soro ya tafi, sarauniya ta bi, dokin da aka yi tayi da shi aka zo aka ci shi daga baya, lokacin da ramin ya riga ya cike. Sarkin Kawu ya yi ta gudu daga gida zuwa gida har bango ya tare shi.

Ina iya yin shiru a nan, da an tashi an watse, da ya samu hanyar da zai bi da rantsuwarsa. Na tuna Baba a bakin hanya yana sallamar baƙi. Na aro goro wurin na kusa da ni, na tauna, na tofar gefe, na dubi yayan mahaifiyata na ce, "Tuɓe."

Ya tuɓe. Jama'a, shekara arba'in ba wanda ya ga kan nan da rana. Fari ne fat kamar rogon da aka fere, da zobe baƙi inda hula ta tsaya, da wani ƙulu a ƙeya kamar ƙwan zabo. Tsohon jandarman nan ne ya fara dariya, sai buro ya ɗauka. Na amalanke ya yi dariya har aka yi masa fifita. Kawu ya aje hular a kan injin, ya naɗe allonsa. Na ce, "Ta Baba fa?"

"Kai kac ci?" Ya nuna injin da haɓa. "In shi na so, shi zo Dogarawa shi ɗauka."

Ya ratsa kasuwar Illela tun daga ƴan albasa har tasha, kansa na walƙiya, bai sunkuya ba. Da labari ya kai wa Inna ta rangaɗa guɗa, ita da ranar aurena cewa ta yi maƙogwaronta na ciwo.

Kowa ya ɗauka kwana biyu ne. Liman ya same shi ya ce, "Alhaji, addini da sauƙi. Ka ciyar da miskinai goma, ko ka yi azumi uku, rantsuwa ta warware." Kawu ya ce, "Kaffara ta wanda ya kasa ce. Ni ban kasa ba, ban gama ba." Ya je Juma'a haka. Ya je idi haka, babbar riga har ƙasa, sama kuwa fayau. Ya aurar da ƴarsa haka. Yaran gari suka sa masa suna Fitilar Dogarawa, kuma ba zan ɓoye ba, daga bakina suka ji.

Duk ranar kasuwa yana buro. Hularsa na rataye a ƙusar da na buga mata daidai saman injin, inda in ya ɗaga ido zai gan ta. Ya daina ba da doki. Ya sayi littafin ƴan lakwal yana rubuta kowane wasa, ya koma gida ya yi ta bita har matarsa ta ce da allon ta aura da ta huta. A hankali tsohon nan ya gano wani abu da ni ban gano ba: injin ba ya son ƙofa a rufe. In aka cuɗe dakaru suka toshe tsakiyar allo, ba ci ba a ci, sai hangensa ya zama banza, ya riƙa kai da kawowa kamar bazawarin da aka hana shiga gida. Shi kuwa Kawu yana can gefe yana gina abin da sai bayan taki ashirin zai nuna. Cikin shekara ta biyu ya fara yin canjaras. Wata rana har ya fi injin da soro guda, yana gab da gamawa, injin wutar buro ya mutu. Allah ya sani ba ni ba ne. Amma ban yi kuka ba.

Sati uku bayan nan aka kawo ordinatar ta uku. Dirakta ya ce mini, "Ta biyun, a bar maka ita ko a kai reshenmu na Badagishiri?" Na san abin da nake yi. Na ce a kai.

Kawu ya shigo da littafinsa a hannu, da fara'ar wanda ya zo ɗaukar amarya. Ya tsaya. "Wancan fa?"

"An yi masa canjin wurin aiki, Kawu. Yana Badagishiri. In kana so taubashi ya kai ka can."

Ya daɗe yana kallon sabon akwatin. Da ya ce a kai shi can, da ya yarda ke nan cewa ɗaki na sake hali, gaban duk wanda ya ji shi a zaure. Ya ciro kuben, ya miƙo mini. "Duk gidan da anka sauke shi, shi ne. Zura."

Lambar ta haye takwas. Ƙofar da yake rufewa, wannan ta riƙa hango tsagar da ke jikinta tun daga nesa. Shekara biyu na littafinsa suka tafi a zama ɗaya. Na tambaye shi ko in kawo masa ruwa, ko man shafawa saboda rana.

Daga wannan shekara jiki ya fara ƙi. Ido ya yi hazo, sai ya kai fuska kusa da allo kamar mai shinshina. Kan ya yi baƙi, ya yi ɓawo, ya fashe. Ranar nan Inna ta aiko a kira ni. Na same ta tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

"Kai. Ɗan'uwana ba shi mutuwa da kai tsirara."

"Inna, ke kika yi guɗa."

"Na yi. Ta ƙare. Uwarmu guda da shi. Ka san abin da za ka yi wa ƙarhen nan naka, ka yi."

Akwai abin yi kuwa. Wannan inji na uku yana da wani maɓalli a gaba, kusa da na kunnawa. In ka danna shi sai ya rage gudu ya koma tafiyar na da, an yi shi ne don tsofaffin faifai da ba sa jure sauri. Ban taɓa taɓa shi ba.

Ranar kasuwa taubashina ya kawo shi, ya riƙo shi ta hammata har kujera. Ba ƴan kallo, an gaji da zuwa tuntuni. Mu uku ne sai ƙarar injin wuta. Ina zura disket na sa gwiwa na danne maɓallin.

Suka fara. Taki goma, sha biyu, Kawu na samun fili. Na ga ya ɗago ya dubi gilashin da ba ya iya karantawa, ya mai da kai. Ya yi wani taki, injin ya amsa. Sai ya ɗauki doki, ya aje shi a gidan nan na da, inda shekara uku bai aje shi ba.

Minti ya cika. Injin ya hadiye dokin.

Taubashina ya ce, "Alhamdu lillahi. Baba, ga rami, tura shi."

Kawu bai taɓa allon ba. Taki shida ne tsakaninsa da hularsa, kuma ko ni na san su. Ya juyo da idanun nan masu hazo inda yake jin numfashina.

"Wa ya ɗaure mishi ƙahwa?"

"Kawu, inji ne, wata rana yakan..."

"Sakatare." Haka yake kirana in zai yanka. "Shekara bakwai tsohonka na zuwa zaurena. Ko sau guda ban bar mishi wasa ba, ko ranar da yaz zo da zazzaɓi. Shi ma bai taɓa roƙo ba. Kai ka dube ni yau ka ga abin sadaka." Ya mai da dokin inda ya fito, ya jera sauran da lalube. "Kwance shi."

Taubashina ya ce, "Baba, don Allah."

"Kai ja taksi. Kwance shi, ɗan ƙanwata."

Na kwance. Ba a daɗe ba. Can injin ya rubuta a gilashi cewa saura taki bakwai sarki ya faɗi, na karanta masa don ya huta. Ya ce a ci gaba. Ya yi bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, kowane sai ya yi tunani kamar akwai mafita. Da aka gama ya zauna yana jira. Na gane "Tuɓe" yake jira daga bakina, na shiga tattara dakaru.

"Ko wannan ba ka iyawa," ya ce. Ya karɓi disket ɗinsa ya mai da kube. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kasuwa mai zuwa. Na ga wani abu ga soron hagu."

Saura kwana biyu kasuwa Kawu ya rasu.

Da aka aiko mini, na sauke hularsa daga ƙusar buro, na kaɗe ƙurar shekara uku, na sa a leda na hau mota. Na isa ana wanka. Taubashina ya tare ni a ƙofar ɗaki, idonsa ja, ya dubi ledar.

"Ya san za ka zo da ita. Ya bar sallahu. Ya ce in ka kawo, a tambaye ka wa ya ci."

Ni da bakina bai taɓa rasa magana ba, ni da aka ce ko a kabari sai na ba mala'iku dariya, na tsaya riƙe da leda. Ya jira ni. Sannan ya shiga ya ja ƙofa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa. Ya Ubangiji, ka yi masa rangwame ranar hisabi. Amma in za ka yi, kada ka bari ya gane.